Oga ya ɗauke ni kamar ɗa, abokan aiki sun ɗauke ni ɗan rahoto

Assalamu alaikum Baba. Ina fatan kana lafiya, ya iyali? Don Allah a sakaya sunana.

Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna. Shekarata 6 da kama aiki, ina matakin albashi na 9. Shekara biyu ke nan da aka kawo mana sabon darakta, dattijo mai kirki, saura masa kamar shekara 3 ya yi ritaya. Sanadin shaƙuwarmu azumin bara ne. Ya gan ni a bakin titi ina jiran mota bayan an tashi, ya tsaya ya ɗauke ni, sai muka gano ashe hanyarmu ɗaya. Tun daga ranar kusan kullum tare muke komawa gida. Ya zo sunan 'yata da ƙafarsa, Hajiyarsa takan aiko mana da abinci. Ni maraya ne tun ina firamare, wallahi ji nake kamar Allah ya mayar mini da uba.

To amma abubuwa sun fara damuna. In na shiga ofis ana hira sai a yi tsit. Har an sa mini suna, wai "ƙaramin darakta". Shugaban sashenmu, wanda nake ƙarƙashinsa kai tsaye, ya daina ba ni aiki, in na tambaya sai ya ce, "Ai kai na sama ne." Watan jiya sunana ya fito cikin masu zuwa bita ta kwana biyar a Abuja, alhali akwai mutum biyu da suka girme ni a aiki ba su taɓa fita ba. Sannan satin da ya wuce a mota oga ya ce da ni, "Wai su wa ke ƙorafi a kan jerin nan? Ka riƙa faɗa mini abin da ake cewa." Na yi dariya na kawar da zancen, amma na san zai sake tambaya, kuma na san masu ƙorafin. Ga shi kuɗin haya ya taso, ina tunanin in ranci naira 300,000 a wurinsa, na san ba zai hana ni ba.

Baba, ina ƙaunar mutumin nan tsakani da Allah. Yaya zan riƙe abotar nan ba tare da na ɓata da kowa ba? Ko dai in janye jikina?

Naka, wani ma'aikaci daga Kaduna.

*

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya raya jaririya, ya jiƙan mahaifinka.

Kada ka janye. Na fara da wannan ne don hankalinka ya kwanta, domin na san akwai masu cewa oga wuta ne, a ji ɗuminsa daga nesa. Mutumin da ya tsayar da motarsa da azumi a bakinsa ya ɗauki ƙaramin ma'aikaci, ya tako ya zo sunan 'yarka, ba a saka masa da ɗauke ƙafa. In ka yi haka ka yi butulci, kuma shi ma mutum ne, zai ji ciwo. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, abin nan da kake kira abota bai kai abota ba tukuna. Yana iya kaiwa, kuma a kan hakan zan yi maka magana.

Abin da ke tsakaninku yanzu Bahaushe ya daɗe da raɗa masa suna: ubangida da yaronsa. Ba zagi ba ne. Ka shiga Kantin Kwari ko kasuwar Singa ka tambayi manyan 'yan kasuwa yadda suka faro, da yawansu za su ce maka yaran shago ne a da. Sun share shago, sun ɗauki dila, sun kai cefane gidan maigida, sun kwana a asibiti da ɗansa. Shi kuma ya ci da su, ya yi musu aure, da lokaci ya yi ya sallame su da jari. Tsari ne mai kyau, ya rufa wa dubban gidaje asiri. A jininmu yake, da shi muke shiga ofis, shi ya sa da zarar babba ya yi mana fara'a sai mu fara ɗaukar masa jaka.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a kasuwa shagon na ubangida ne. In ya ɗebi atamfa turmi goma ya ba yaronsa, daga dukiyarsa ya ɗiba, ba wanda ya isa ya ce don me. Ofis kuwa ba na darakta ba ne. Gurbin zuwa bita, alawus ɗin tafiya, ƙarin girma, wurin da za a tura mutum aiki, duk amana ce aka damƙa masa ya raba tsakanin mutane. Duk abin da ya miƙo maka daga cikin wannan tukunyar saboda yana sonka, daga kwanon wani ya kwaso. Mutum biyun nan da suka girme ka ba hassada kawai ke cin su ba. Sun yi lissafi ne, lissafin kuma daidai ne. Kwana biyar a Abuja kuɗin makarantar yara ne ga ma'aikaci, kai ma ka sani.

Saboda haka ga ma'aunin da zan ba ka. Abin da ya fito daga aljihunsa da gidansa da ƙwaƙwalwarsa, irin su kujerar mota, kwanon abincin Hajiya, nasiha, addu'a, karɓi ka gode. Abin da ya fito daga biron ofis, tsaya ka tambayi kanka ko da za ka samu in da ba ka shiga motar nan. Wannan tambayar ba tawa ba ce. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aiki wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi ya hau mumbari ya ce, me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Hadisin a kan ma'aikaci da kyauta yake, amma ma'aunin ya dace da ku duka biyu. Kai ka tambayi kanka ko kujerarsa kake bi ko shi, shi kuma ya tambayi kansa ko da abinsa yake yi maka alheri ko da na jama'a.

Maganar Abuja ba ta da tsawo. Sunanka ya riga ya fito, in ka ce ba za ka ba ka kunyata shi a gaban mutane, kuma ba lallai gurbin ya koma ga wanda ya cancanta ba. Ka je. Ka zauna a aji, kada ka sa hannu a rajista ka wuce kasuwar Wuse. Ka dawo da takardun bitar, ka rubuta rahoto shafi biyu, ka miƙa wa shugaban sashenku, ka ce in ya ga dama za ka zauna da sauran ka yi musu bayanin abin da aka koyar. Jerin gaba kuwa, tun kafin a rubuta shi ka roƙi oga ya tsallake ka.

Yanzu ga babbar magana, tambayar da ya yi maka a mota. A nan zan daɗe, domin a nan na taɓa faɗuwa.

A farkon shekarun 1990 ina ƙaramin jami'i kamarka, ni ma ina da oga mai sona. Farar fijo 504 gare shi, har yau ina jin ƙanshin turaren da yake fesa wa kujerun. Wata ranar Alhamis muna hanya, rediyo na yi ƙasa-ƙasa, sai ya ce, "Na ji wai ana cewa ba na raba kuɗin aikin bayan lokaci da adalci. Wa ke faɗa?" Ban ko yi tunani ba. Na ambaci sunan wani abokin aikinmu, na ƙara da cewa ai ba da mugun nufi yake yi ba. Oga ya gyaɗa kai ya ce, "To." Shi ke nan, muka ci gaba da hirar farashin siminti.

Bayan wata biyu takardar sauyin wurin aiki ta fito. An tura mutumin nan wani ƙaramin ofis a ƙauyen da in damina ta sauka mota ba ta shiga. Matarsa malamar firamare ce a cikin gari, yaransa na makaranta, ba halin ya kwashe su. Shekara 4 yana zuwa gida ƙarshen wata. Bai taɓa ce mini uffan ba. In mun haɗu hannu biyu yake ba ni ya ce, "Malam, ya aiki?" Sai bayan shekaru da yawa na tattara ƙarfin hali na je har gida na nemi gafararsa. Ya yi murmushi ya ce, "Ai tun ranar na sani. Mu uku ne a ɗakin da na yi maganar, ɗayan kuma ya dafa mini Alƙur'ani." Ya yafe mini. Amma ɗansa na fari, wanda ya lalace da makaranta a shekarun da uban ba ya nan, yana zaune a bakin ƙofa lokacin da na fito, kuma ban iya haɗa ido da shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban yi ƙarya ba. Mutumin ya faɗi maganar. Shi ya sa nake gaya maka, kada ka yaudari kanka da cewa ai gaskiya ce zan faɗa. Annamimanci ba sai da ƙarya ba. An taɓa gaya wa Sahabi Huzaifa cewa akwai wani mai kai maganganun mutane wurin Halifa Usman, sai ya ce ya ji Manzon Allah yana cewa mai kai-kawo da zance ba zai shiga Aljanna ba. Ka lura, wurin Usman ake kai maganar, mutumin kirki, mai kunya. Kirkin wanda ake kai wa bai wanke mai kaiwa ba. Ogana ma ba azzalumi ba ne. Mutum ne da aka sa masa suna a kunne a ranar da ransa ke ɓace, kuma biro na hannunsa.

Dariyar da ka yi ka kawar da zancen ta cece ka sau ɗaya, ba za ta cece ka sau biyu ba. Kuma ita ce ta nuna mini abota ba ta ƙullu ba tukuna, domin aboki shi ne wanda za ka ce wa a'a ka je ka yi barcinka. Kada ka jira ya sake tambaya. Kai ka tayar da zancen, a mota, ku biyu, ranar da ka ga yana cikin walwala. Ka ce masa wani abu kamar haka:

"Ranka ya daɗe, ka ɗauke ni kamar ɗa, don haka zan faɗa maka abin da ɗa zai faɗa wa uba. Ƙorafin da ake yi yana da tushe, akwai waɗanda suka girme ni ba su taɓa fita ba, ni kaina na ji nauyi. Amma sunan mutum, ka yafe mini, ba zan iya ba. In na kawo maka maganarsu yau, kai ma gobe ba za ka saki jiki ka yi magana a gabana ba."

Ka ga ba hannu wofi ka bar shi ba. Ka ba shi abin da ya fi suna amfani, wato gaskiyar halin da ofishinsa ke ciki. Manya ba su cika samun wannan ba. Duk wanda ya shiga wurin darakta da murmushi yake shiga, kowa "an gaishe ka Yallaɓai, komai lafiya lau", har sai ranar da takardar ƙorafi ta isa hedikwata sannan ya ji. Tambayar da ya yi maka, rabinta tsoro ne da kaɗaici. Ka faɗa masa abin da ke damun mutane, ka riƙe sunayensu a cikinka.

Zai iya yin shiru ya ɗaure fuska kwana biyu. Bar shi, dattijo ne, zai juya maganar a ransa. In mutumin da ka siffanta ne, darajarka za ta ƙaru a idonsa. In kuwa daga ranar motar ta daina tsayawa a bakin titi, to ka samu amsa da arha: ɗan rahoto yake nema, kai kuma kuɗin mota kawai ka yi asara.

Sai mutumin da ka ambata a layi ɗaya ka wuce, alhali shi ya fi tsaya mini a rai: shugaban sashenku. "Ai kai na sama ne" ba wasa ba ne, ɗana, hannunka mai sanda ne. Zauna mu yi lissafi. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ogan naka saura masa 3. Kai ka yi 6, in Allah ya ba da rai kuma shekarun haihuwa ba su riga ka ba, saura maka 29. Wato akwai shekara 26 da za ka yi a gidan nan babu shi. Da wa za ka yi su? Da mutanen da ke yin tsit in ka shigo, a ƙarƙashin mutumin da ya daina ba ka aiki, wanda wataƙila shi ne zai hau kujerar nan gaba. Sarki goma zamani goma. Kuma ba sai an jira ritaya ba, takarda guda daga sama ta isa ta ɗauke darakta ranar Litinin.

Ko a yanzu ma ba ka fi ƙarfinsa ba. Daga mataki na 7 zuwa na 14 sai mutum ya yi aƙalla shekara 3 kafin a duba ƙarin girmansa, ka ga naka zuwa mataki na 10 ya ƙarato. Fom ɗin tantance ƙwazon ma'aikaci da ake cikewa ƙarshen shekara, wanda kake ƙarƙashinsa kai tsaye shi ne mai fara ba ka maki, na sama sa hannu yake yi daga baya. Mutumin da bai ba ka aiki ba wata shida, me zai rubuta? Ko ya rubuta maka alheri don tsoron darakta, kai ka san ba ka koyi komai ba a watannin nan. Wannan ita ce asarar da ba ka lissafa ba. 'Yan gaban goshi da yawa na gani sun kai mataki na 14 ba su iya rubuta takardar bayani mai shafi ɗaya ba, saboda a shekarun da ya kamata a murza su suna gaban mota.

Gobe da safe ka je ofishinsa, ka ƙwanƙwasa, ka tsaya har ya ce ka zauna. Ka ce, "Yallaɓai, na lura kwana biyu ba ka ba ni aiki. In akwai inda na yi kuskure ka gyara mini. Ni a ƙarƙashinka nake, kuma ina son in koya." Kada ka ambaci darakta ko sau ɗaya. Daga ranar, duk fayil ɗin da zai hau sama ta teburinsa zai bi. In darakta ya kira ka ya ba ka aiki kai tsaye, kafin ka taɓa shi ka leƙa ka ce, "Yallaɓai, oga ya ce in yi kaza, na ce bari in sanar da kai." Minti ɗaya ne, amma yana kashe wutar da za ta ci shekara. Kuma na roƙe ka, kalmar nan "oga ya ce mini jiya a mota" kada ta sake fita daga bakinka a ofis, ko da labarin ƙwallo ne.

Sauran abokan aiki ba a shawo kansu da bayani. In ka tara su ka ce wallahi ni ba na kai rahoto, ka tabbatar musu da zarginsu ke nan. Zama za ka koma yi da su. Ina kake cin abincin rana yanzu? In da can wurin mai shinkafa da wake kuke haɗuwa, ka koma. In ana karo-karon biki ko ta'aziyya ka kasance cikin na farko, kuma ka je da ƙafarka. Sunan "ƙaramin darakta" in an kira ka amsa da dariya, ka ce Allah ya sa da albashin. Za su gwada ka, wannan tabbas ne. Wani zai saki magana a gabanka da gangan ya zuba ido ya ga ko za ta hau bene. In wata uku suka wuce ba abin da ya hau, da kansu za su ci gaba da hirarsu in ka shigo. Kada kuma ka juya ka zama mai kawo musu labarin gidan oga don su yarda da kai. Abin da ka gani a falonsa, ko ya faɗa maka a kan 'ya'yansa da rashin lafiyarsa, a nan ya tsaya. Mai kai-kawo ko ta wace hanya ya bi sunansa ɗaya.

Bashi kuwa, a'a. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da naira 300,000 ɗinsa a wuyanka, da wane baki za ka ce "ka yafe mini, ba zan iya ba"? Kusan kowace ma'aikata tana da ƙungiyar ajiya da lamuni ta ma'aikata, inda ake cira daga albashi wata-wata. Nemi can, ko ka shiga adashi ka roƙi kwasar farko, ko ka je wurin mai gidan da rabi ka nemi wa'adi. Duk sun fi sauƙi, ko da a ido sun fi wuya. Kuma in ya ji labari ya miƙo da kansa, ka gode masa ka ce an riga an rufa asiri.

Kyauta daga gare ka zuwa gare shi ma a yi hattara. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar wani abu saboda aikin da ya yi ko ya bari a ofis, ya yarda kawai da kyautar dangi da abokai gwargwadon abin da al'ada ta saba. Cinyar ragon layya, ƙwaryar fura, zuma in ka je ƙauye, duk al'ada ce. Shadda mai tsada ana saura wata guda jarrabawar ƙarin girma kuwa, ko zuciyarka fari fat take, idon mutane zai karanta ta da wata fassara.

To da me za a gina abotar, in an cire rahoto, an cire bashi, an cire alfarma? Da abin da ya rage, kuma shi ne mai yawan. Mutumin nan ya yi sama da shekara 30 yana aiki. Ka tambaye shi yadda ake rubuta sharhi a fayil a taƙaice ba tare da an ɓata wa na sama rai ba. Ka tambaye shi kuskuren da ya fi nadama. Dattawa na son a tambaye su, kuma ba wanda zai yi maka hassadar wannan domin ba a rage wa kowa komai ba. Ka gaishe shi in ba shi da lafiya. Ka kai iyalinka su gaida Hajiya. Ka yi aikinka da kyau yadda duk wanda ya ce son kai ne ya sa ake yaba maka, fayil zai ƙaryata shi. Wannan ita ce babbar kariyar da za ka yi wa sunansa.

A cikin ofis kuma ka ninka ladabi. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Sabo yana sa yaro ya fara shiga ofishin oga ba sallama, ya zauna kafin a ce ya zauna, ya sa baki a taro inda manyansa suka yi shiru. Ranar da ya yi maka faɗa a gaban mutane, kuma ranar za ta zo, ka sunkuyar da kai ka ce "a yi haƙuri Yallaɓai" kamar kowa. Kada ka shiga mota da yamma kana kumbure-kumbure. Motar ma ka rage. Kwana biyu a sati ya isa, sauran ka ce kana da inda za ka biya. Kuma ka daina jiransa a bakin ƙofar ofis inda kowa ke wucewa.

Ga 'yan'uwa mata masu karanta wannan shafi, in ogan namiji ne, amsata a kan mota da zuwa gida dabam take. Bakin mutanenmu ba ya yi wa mace adalcin da yake yi wa namiji, kuma ba kowane "ke kamar 'yata ce" ke tsayawa a nan ba. Wannan sai wani makon.

Bari in ƙarasa maka labarin mai farar fijo. Lokacin yana kan kujera, ranar Sallah sai ka rasa inda za ka ajiye babur a ƙofar gidansa. Sallar farko bayan ya yi ritaya na je, na tarar da takalma ƙafa biyu a bakin zaure, ɗaya nasa ne. Da kansa ya shiga ya ɗauko mini shayi. Muka zauna a tabarma, karon farko da na gan shi ba hula. A ranar na gaya masa abin da maganata ta jawo wa mutumin nan da aka tura ƙauye. Ya daɗe yana kallon kofinsa, sannan ya ce, "Me ya sa ba ka hana ni ba?" Na ce ina jin tsoronka. Ya ce, "Ni kuwa na ɗauka abokina ne kai." Daga wannan zaman ne muka fara faɗa wa juna gaskiya, muka yi shekara 11 a haka har Allah ya karɓi abinsa, kuma ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Shekara 3 ɗin da suka rage wa naka ogan, ka lallaɓa su yadda ranar da ya sauka za ka iya shiga zaurensa ba ka bin sa komai, ba ya bin ka komai, ba kuma wanda aka tura ƙauye ta dalilinka.

Ka fara da shugaban sashe gobe, ƙungiyar lamuni kafin ƙarshen sati, maganar mota kuma duk ranar da ka ga fuska. In ka yi, ka rubuto mini. Ina son in ji ko shiru ya yi, ko dariya, ko murɗa rediyo ya yi ya ƙara murya.